Biskit ɗin Surukata

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali da sanyin Jos? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau.

Ka san likita ya hana wa 'yata Binta alkama, don ita ke sa ta zawo da rama. Ran Juma'a muka je Kurfi gaida surukata. Tsohuwa ta ba ta lemon kwalba da biskit na gwangwani da ta sayo takanas. Na fizge ina karanta rubutun jikinsu. Biskit ɗin kuwa da alkama.

Ta ce a hankali, "Malam, jikata ce fa. Ba zan ba ta guba ba."

Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ka gaida Yaya Hauwa. Ka roƙa wa Binta sauƙi, ni kuma ka roƙa mini idon da zan sake duban tsohuwar nan.

Ƙaninka,
Lawal