Garin da Fankar Ruwa Ba Ta da Aiki

Zuwa ga Tabassum, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Multan, mangwaron farkon kaka wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga gida!

Albishirinki, na samo mana gari!

Kin tuna yammacin nan bayan ɗaurin aurenmu, kina yanka mini mangwaro a tsakar gidanku, innarki na leƙenmu ta taga? Kika ce ba za ki tare ba sai na samo garin da ke da kwalejin mata mai koyar da ilmin tsirrai, garin da zafi ba zai sake kayar da ke ba. Da dariya kika faɗa, amma na ga idonki. Ta yaya zan manta da bara, da wuta ta ɗauke a ɗakin jarrabawa cikin watan Yuni, kika suma a kan takardarki, shekara guda ta tafi a banza? Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Garuruwa uku aka ba ni in zaɓi inda zan koyar, duk na taka su da ƙafata. Na farko kwalejinsa sai wanda ya gani, amma zafinsa ƙanin na Multan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na biyu iska kamar a ɗiba a kai wa dangi tsaraba, sai dai kwalejin mata tafiyar awa biyu ce a bas. Ina ni ina barin ki a hanya kullum? Sai na hau gari na uku, Rawalakot. Wayyo Tabassum! Itatuwa har kan duwatsu, gajimare na ratsa kasuwa, kwalejin kuwa daga ƙofar ɗakin da na kama ana hango rufinta.

Amma ɗan Multan dai ɗan Multan ne. Kin san a wajenmu namiji ba ya kai amarya ɗakin da babu fankar ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a tanki ta huro iska mai sanyi. To, na sayi ƙatuwa, ta ƙarfe, na ɗora ta a saman bas, na yi ta faɗa da kwandasta har muka iso. Mai gidan hayar, Baba Gul Zaman, ya zagaya ta sau biyu ya ce, “Malam, wannan akwatin fa? Kaji za ka kiwata?” Na ce ta amarya ce. Dattijon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. “Ɗana, mu nan ko a Yuni da bargo muke wayar gari. Je ka nemo murhu!” Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da matarsa ta ji abin da kike karanta, sai ta cika tankin fankar da ƙasa ta dasa miki na'ana'a.

Ba zan ɓoye miki ba, ya hasken raina. Mangwaro ba ya yi a nan, sai tuffa. Da hunturu ƙanƙara na rufe hanya, kuma tsakaninki da Inna tafiyar yini ce cur. Wannan ne ke tsorata ni. Shin sanyin gari zai iya biyan ki ɗumin uwa?

Ga takardar neman shiga kwalejin na haɗo miki, ranar Alhamis ta sama za a rufe karɓa. Na cike komai, layin sa hannu kaɗai na bari. Tawa takardar kama aikin ma tana aljihuna, ba zan sa mata hannu ba sai na ga naki. In kin ce a'a, wallahi in zubar da na'ana'ar, in sake ɗora fankata a bas, in dawo in yi ta yi miki fifita har tsufa. Amma ki ce i, Tabassum, don Allah ki ce i! So nake bana, in na leƙa ta tagar ɗakin jarrabawa na gan ki sunkuye a kan takarda, ya zama rubutu kike yi.

Naki a zafi, naki a sanyi, har numfashin ƙarshe,
Shahzeb