Mujallar Sadiƙ ta iso bayan tafiyarsa

Daren Juma'a, unguwar Al Rigga, ƙasar Larabawa

Yau mujallar wasan labari ta iso da sunan Sadiƙ. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi. Duk Juma'a shi ke ja mana wasan, mu kuma mu jefa ɗan ludo mu zama jaruman labarin. Kamfaninsu ya rage ma'aikata, aka soke bizarsa, ya koma Kano.

Fitowar nan ta yi kyau ƙwarai. Akwai taswirar wani gari da ruwa ya cinye, har abin da mai jan wasa zai faɗa an rubuta. Sai na gwada jan wasan da abokan wasanmu, Bashir da Hamza. Ina karantawa kamar mai labaran rediyo, Hamza yana latsa waya. Bashir ya ce, "Khalas, ya isa haka, ɗan'uwa, bar shi. Da Sadiƙ ne, da tuni tsoro ya kama mu."

Bayan sun tafi na kira Sadiƙ a waya. Bai sami aiki ba tukuna, kuma ba shi da abokan wasa. Na ce zan aika masa da mujallar ta kago, wato jirgin dakon kaya.

Ya ce, "Bar ta a wurinka. In na gan ta, ku zan riƙa tunawa."