Ƙwaryar Anzar Inna a Kasuwa

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali da zaman Kano? Mu a Falanko lafiya, sai ɓacin rai.

Likitan nan mai binciken abinci da ka turo mana, Inna ta nuna masa yadda take jiƙa 'ya'yan itacen anza har ɗacin ya fita. Ya rantse ba mai ji, don ka san cin anza shaida ce rumbu ya ƙare. Ranar kasuwar Tanut, wai yana koya wa mata, ya ɗaga ƙwaryar anzar Inna, ya kira sunan gidanmu.

Yanzu maƙwabta na aiko mana hatsi, Inna ko ƙofa ba ta leƙawa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Inna na gaishe ka, ta ce kada ka ƙara turo mata baƙo.

Ƙanwarka,
Zuwaira