Amin Ɗin da Na Kasa Cewa

Salama gare ku 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya.

Mu Kirista ne, muna zaune garin Isa, ɗiya biyu gare mu, ƙaramin ina goyo. Maigidana ya girme ni sosai, ya wuce arba'in, makanikin injin ban ruwa ne tun kafin in san shi. Bana kun ga yadda damina ta yi, gero na fara fidda kai ruwa ya ɗauke, kowa ya koma fadama, to duk injin da ya tsaya daga Tozai har Bafarawa ƙofarmu ake kawo shi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo kwanon dawa ko albasa. Shi ya sa har yau muna ɗora tukunya safe da yamma, alhali maƙwabta sun koma ci sau ɗaya.

To cikin wanga hali ne ya ce zai sayar da kayan aikinshi mu koma wani ƙauye, ya zama malamin firamare. Wai ya je gyara can, ya bi ta makaranta ya iske aji cike da yara ba malami, sun share, sun zauna suna kallon allo. Ya tambaya anka ce kullum haka suke zuwa su jira. Tun ranar ba shi da sukuni, ya ce Ubangiji ne ke kiran shi. Yana da takardar koyarwa tun yana saurayi, bai taɓa aiki da ita ba, kuma sa kai zai fara, albashi sai ranar da anka ɗauke shi.

Na ce ya bari mu ga damina mai zuwa, ya ce yaran ma shekara ke wuce su. Na ce ya haɗa biyu, ya ce mai albasa ba ya jira a tashi makaranta. Munka yi ta yi har na yi kuka. Wani dattijo mai kawo mashi inji da ya ji, dariya ya yi ya ce, "Kai makaniki, in sun iya karatun, takarda za su ci?"

A gidanmu kowace safiya shi ke addu'a, in ce amin, ɗiyata Saratu ta bi bakina. Tun da ya fara sa maganar makarantar cikin addu'a, in ya kawo nan sai in yi shiru. Ya ɗan jira, ya wuce. Yanzu yarinyar ma ta daina, sai ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. Shekaranjiya ya ce mani, "Maman Saratu, ko sifana ɗaya cikin kayan aikina ba ni sayarwa sai kin ce amin. Amma kada ki ce don tausayina."

Abin da ke cina, ni ma irin ajin nan na zauna. Malaminmu ya tafi hutu bai dawo ba, muna shara muna jira har anka cire ni. Amma kuma ni ke aunar hatsi, na san inda ya kai cikin buhu, nonona ma ya ragu.

Mai sayen kayan zai zo ranar kasuwar Bafarawa. In na ce amin ba har zuciyata ba na yi wa Allah ƙarya, in na ci gaba da shiru ina tsoron ni ce na tsaya tsakanin mutum da Mai kiran shi. Gobe da safe zai sake kawowa wurin nan ya jira. Mi za ni ce?