Abin da Aka Zaro daga Salansa

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafar taka?

Tsohuwar motar sojan nan da ka zuga maigidana Alhaji ya saya a gwanjo ta kusa gasa ni. Ran Talata muna cikinta wajen shataletalen Bata na ji ƙauri, ashe takalmina ne ke narkewa. Muka leƙa ƙasa, salansa ta yi jawur. Baba Rasaki bakanike ya yanka ta, ya zaro soson ƙarfe cunkus, wanda ya toshe wa hayaƙi hanya.

Alhaji ne ya cusa don ya rage mata ƙara. Wai tun lokacin yaƙi, in matan Sabon Gari suka ji rurin motar soja irinta sai su janye 'ya'yansu ɗaki, shi kuwa kunya yake ji. Wallahi na tausaya masa, sai jiya na kama shi yana sayen wani soson!

A cikinta yake nufin kai Inna asibiti Zariya ƙarshen wata. Kai ka zuga shi, kai za ka rubuto ka hana shi. Kafin nan, makullin yana ƙulle a bakin zanina.

A sa mu a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi