A Fito da Rumbun Innata Daga Magaza

Zuwa ga Shugaban Lise na garinmu, Tanout.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Sunana Hajara, mahaifiyar Rakiya da ke ajin farko na lise. Da hannuna nake rubuta wannan takarda. Sai da na haifi ƴaƴa biyar sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in ka ga layi ya karkace, ka yi haƙuri da shi. Sau biyu na zo ofishinka, ran farko aka ce kana taro, ran na biyu aka ce ka tafi Zinder. Shi ya sa na rubuta a fili, don sauran iyaye ma su ji, tun da da sunana aka yi aikin.

Na ɗaya, yadda abin ya faro. Bana Mushe Isufu ya fara koya wa yara zanen ƙasa. Ran Asabar da safe yakan fita da su bayan gari, su zauna su kalli tudu da itatuwa su zana. Bayan hutu Rakiya ta kawo mini zanen ƙauyenmu na wajen Ollelewa. Wallahi na ga gawon bakin rijiya da reshensa da ya karye, na ga gonar kawuna har inda zaizaya ta ci ta. Na kafa shi a ɗakina, duk wadda ta shigo sai na nuna mata.

Bayan wata biyu ta kawo na biyu. Ƙasar ita ce, gawon shi ne. Amma ga rumbu da ƙafafun raƙumi huɗu yana saukowa daga tudu, ga tafki rataye a sama kamar faifai, zabi suna iyo a ciki. Na ce shi ke nan, mutanen ɓoye sun taɓa mini yarinya. Kwana uku ina ba ta rubutu tana sha, ina yi mata hayaƙi har idanunta suka yi ja. Ita kuwa da safe ta ɗauki zanenta ta mai da wa malaminta don ya ba ta maki.

Na biyu, takardar da na aiko maka. Layi huɗu ce, ka duba ta in tana nan. Tambaya na yi: wane irin zane ne wannan, kuma lafiyar ɗiyata ƙalau a aji? Ban ce a hana kowa komai ba. Sai ga maƙwabciyata ta dawo daga taron iyaye, wanda ban samu zuwa ba saboda bikin suna a gidan ƙanena, tana ce mini an karanta takardata a gaban jama'a, an ce iyaye sun kai kuka. Ranka ya daɗe, ni kaɗai ce, kuma ba kuka na kai ba. A ranar aka dakatar da ajin zane, aka kwashe zanen yaran duka aka kulle a magaza, ɗakin ajiyar karyayyun tebura. Yau sati shida ke nan.

Na uku, abin da na gano, wanda har yanzu in na tuna sai dariya ta kama ni. Da Rakiya ta ji abin da takardata ta jawo, ta zaunar da ni ta tuna mini. Mushe Isufu ya ce musu akwai wani salo da masu zane ke yi, shi yana kiransa zanen mafarki: ka zana wuri na gaske yadda yake, sannan ka sa masa abin da ake gani a mafarki. Ya ce kowa ya tambayi wani babba a gida mafarkinsa. Ni aka tambaya. Ina daka ne ranar, na ba ta labari ina haki, na manta. Shekarar da hatsi bai yi ba muka baro ƙauye, ina ƴar yarinya, muka bar rumbun innata tsaye babu ko zangarniya a cikinsa. Tun daga nan nake mafarkin yana biyo ni Tanout da ƙafafun raƙumi. Ashe mafarkina na gani a takarda na tsorata, na ɗura wa baiwar Allah rubutu. In akwai wadda ya kamata ta sha, ai ni ce. Babanta da ya ji, sai da ya ajiye kofin shayinsa don dariya, har yau in na shigo sai ya tambaye ni ko rumbun ya iso.

Na huɗu, abin da ke damuna. Rakiya ba mai yawan magana ba ce, amma tun da ta fara zane ta riƙa ba ni labarin launin ƙasa, wai ta bayan gari ja ce, ta wajen rijiya kuma fara-fara. Shekara arba'in ina taka ƙasar nan ban lura ba. Yanzu ta ajiye alkalumanta a ƙasan akwati. Ƴan ajinsu suna ce mata uwarta ce ta rufe musu aji, sai ta dawo ta shige ɗaki. Na kuma ji ana cewa tun da Mushe Isufu ba shi da aji, za a iya mai da shi wani gari. Mutumin nan bai yi laifin komai ba. Kuma ka fi ni sanin garar Damargu, ba ta jiran a gama taro. Takarda a magaza abincinta ce.

Ga abin da nake roƙo. A buɗe magaza a mayar wa kowane yaro zanensa tun gara ba ta riga mu ba. A mayar da ajin zane, a bar mana Mushe Isufu. A taron iyaye mai zuwa a karanta wannan takarda kamar yadda aka karanta waccan, da ƙarfi, a wuri ɗaya. Zan zo in zauna a gaba, duk mai dariya ya yi, na riga shi. Nan gaba kuma in uwa ta yi tambaya, a kira ta a amsa mata. Da an nuna mini kujera an yi mini bayani na minti biyar, da duk wannan bai faru ba.

Na riga na buga ƙusa a bango, kusa da zanen farko. Innata ta rasu ba ta sake ganin rumbunta ba. Ni ina so in tashi da safe in gan shi a ɗakina, da ƙafafunsa huɗu, ya iso inda ya daɗe yana nufa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon riƙe amanar ƴaƴanmu, ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah ya yi wa malamanka albarka, ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam.

Hajara, mahaifiyar Rakiya,
Tanout.