Zuwa ga Laminu, Kan Itaciyar da Ya Bar Mini

Ku masu leƙen wasiƙar mutane, ku cinka: fara ce sol, gashi har ƙasa, kai kullum a sunkuye kamar mai takaba. Ba ta 'ya'ya, ba a miya da ganyenta. Wace ce?

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga jikana Laminu, angon nan nawa da ya gudu ƙasar sanyi yana yi wa Turawa shuka a jardan, wato lambu.

Ka tuna da ka zo hutu da dashe a cikin roba, ka dasa kusa da randuna? Na tambaye ka me ake ci a jikinta, ka ce kallo kawai. Ka ce, "Kaka, muddin tana tsaye, ni ma ƙalau nake." Wasa kake yi. Ni na riƙe.

Da ta fara saukar da rassa na ɗauka ciwo ne. Na yage tsohon zanena na ɗaure su sama a jikin kara, ɓawon da ke salewa na shafa masa man shanu. Na nuna maka a waya, ka yi dariya har da tari, ka ce haka Allah ya halicce ta. Na kwance.

To yanzu ta yaya zan gane sunkuyon halitta da na mutuwa?

Tun azumin bara lambarka ba ta shiga. Abokinka na Takieta ya ce shi ma bai ji ka ba. Bazara ta shigo, famfon unguwarmu ta Birni a nan Damagaram ya ɗauke, bidon ɗaya na ruwa nake samu in raba mu biyu, nata ya fi nawa. Na yi mata rumfa da zana. Duk da haka ganye zuba yake, ina sharewa kafin uwarka ta fito daga ɗaki. Jiya na kankare reshe da farce, ban ga kore ba.

Laminu, ba tsaraba nake so ba. Ka kira, ko ka yi mini tsiya ka kashe.

Allah ya tsare ka inda kake, ya sa kana cin abinci, ya nuna mini kai kafin a rufe ni.

Taka tsohuwar amarya,
Kaka Falmata.

Ku kuma, amsarku: ita ce itaciyar ado da ake ce wa bulo da Faransanci. A ƙasar ƙanƙara take fitowa. Ba ta rayuwa a Damagaram.